Amyar Ƙarshe a Kan Ɗorawar Malam Haruna

Ku jawo tabarmar nan cikin zaure ku zauna, rana ta yi zafi. Na san abin da ya kawo ku tun kafin ku yi sallama, don magana ba ta kwana a Yankara. An ce kun gani a waya wai kiwon zuma ita ce sana'ar da ba ta da wahala: ka rataya amya a icce, ka koma gida ka miƙe ƙafa, ƙuda su yi maka aiki, kai kuma ka zo da bokiti ka kwasa. Kai, wannan waya taku! Wanda ya faɗa maku haka ku koma ku tambaye shi ko ƙudan zuma ya taɓa harbinshi a fatar ido. Ni Ilu, da ake ce ma Ilu Mai-amya, tun gemu bai fito mani ba nike hawan icce, amma yau a gidan nan babu zumar da za a lasa ma jariri a baki. Na ce a ɗora maku shayi a cikin gida. Kafin ya dahu bari in gaya maku yadda aka yi, in kun gama ji sai ku yanke abin da za ku yanke.

Amyar farko da na saƙa, a Tafoki na saƙa ta, a gidan Kawu Barau, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mani sana'ar. Ya tura ni fadama na yanko gamba mai kauri, na shanya, na jiƙa, na zauna ina saƙawa kamar dogon kwando mai baki ɗaya. Da na gama na kai mashi ina ta washe baki. Sai ya ɗora ƙafa a kanta ya ɗan danna, ta lotse kamar tsohuwar hula. Ya ce, "Wannan ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai ciki, balle ƙuda. Koma fadama." Haka na yi ta komawa har hannuna ya tsattsage, kafin in yi wadda ya taka ta tsaya. Sannan aka zo yaɓe. Ɗanyen kashin shanu ake shafe ta da shi ciki da waje, a bar ta ta bushe a inuwa, don in rana ta busar da ita sai ta tsage. A yi mata marufi da tsohon faifai, a huda 'yan ƙofofi daidai shigar ƙuda, ba daidai shigar ƙadangare ba. Na ga ɗayanku ya yamutsa fuska da na ce kashin shanu. To, tun nan ka fara faɗuwa.

Bayan yaɓe sai turare, kuma nan ne asirin kowane mai amya yake. Ana haƙa ɗan rami a zuba garwashi, a ɗora ɓawon hano da saiwar jema da guntun tsohon kaki, a kifa amyar a kai ta sha hayaƙin har ƙamshin ya shige ta. Kawu yana ƙara wani abu da yake ɓoyewa a aljihu, sai da ya tsufa ya nuna mani, ashe busasshen furen ɗorawa ne kawai. Ƙuda ba a kamo su, ba a sayo su a kasuwa. Kiransu ake da ƙamshi. In sanyi ya fara ja baya, itatuwa suka fara fure, gidajen ƙuda na daji sukan cika su tumbatsa, sai rabi su tashi da sarkinsu su fita neman sabon gida. Za ka ji su tafe a sama kamar mota na zuwa daga nesa. In amyarka ta yi masu, su shiga. In ba ta yi ba, su wuce ta maƙwabcinka kana kallo, ba ka da ta cewa.

Hawa kuwa, da igiyar rama ake yi. Ka hau, ka jawo amyar sama, ka kwantar da ita tsakanin rassa biyu, bakinta na kallon yamma don ruwan sama daga gabas yake bugowa, ka lulluɓe ta da ciyawa ka ɗaure. Sai ka tsare ta daga kwarkwasa, da kuma dage, wannan ɗan dabba mai taurin kai da ke hawa ya farke amya ya sha zuma ƙuda na harbinshi yana lashe baki. Ranar ɗiba, sai bayan magariba in ƙuda sun koma gida. Riga ake cirewa, don wanda ya shiga tsakanin riga da fata shi ne ke harbi da gaske. Ka kunna damin ciyawa ka kashe harshen wutar, hayaƙin kake so, ka hura a bakin amya a hankali. Sannan ka sa hannu, kana lalube, kana bambance saƙar da ta nuna da wadda ke da ɗiya a ciki. Ka yanko ta nunan ka sa a ƙwarya, ka zura ta ƙasa da igiya. Duk wannan kana kan reshe, ƙafa ɗaya a maƙale, ƙuda na yawo a bayanka kamar ana zuba maka gero.

Ranar da na fara ɗiba ni kaɗai, a kan wata kaɗanya, haɗama ta kama ni na yi ta yanka. Kawu na ƙasa, da ya ga ƙwarya ta sauko a cike sai ya ɗago murya, "Ilu, mi ka bar masu?" Na ce na bar ɗiyan. Ya ce, "Ɗiyan su ci mi, hannunka?" Ya sa na mayar da saƙa biyu masu nauyi. Ranar ya gaya mani cewa zumar amya kashi uku ce. Akwai rabon ƙuda, wanda ba a taɓawa. Akwai rabon mai icce. Abin da ya saura shi ne na mai amya.

Wannan rabon mai icce ku riƙe shi da kyau, don a kanshi labarina yake. Mu masu amya ba mu da itatuwa, na mutane ne a gonakinsu. Kana zuwa ka gaida mai gona ka roƙi iccen, in ya ba ka, duk ɗiba ƙwaryar farko gidanshi take zuwa kafin ka lasa. Shi kuma akwai abin da ya hau kanshi: iccen da ke ɗauke da amya mai ƙuda ba a sare shi, ba a sassake reshenshi, ba a cinna wuta a gindinshi. Ko gonar aka sayar, sabon mai ita ya gaji wannan. Amma in ƙuda suka bar amya, lokacin tashin ƙuda ya zo ya wuce wasu ba su shiga ba, to mai amya da hannunshi zai hau ya sauke kayanshi, icce ya koma na mai shi, ya yi yadda ya ga dama. Ba alƙali a ciki, ba mai unguwa. Mai gona ba ya hawa ya duba. Tambaya yake, kai kuma ka faɗa, kuma abin da ka faɗa shi ke nan.

Ku da kuka taso kuka tarar da fili fetal daga nan har inda ido ya tsaya, ba za ku yarda da yadda wurin nan yake ba. In ka bar Tafoki ka nufi wajen Sabuwa, kana iya wuni kana tafiya rana ba ta taɓa ƙeyarka sosai ba. Kuma daji ba ya yin fure gaba ɗaya, bi da bi yake yi kamar an tsara mashi. Ana gama girbi gawo zai fara. Sanyi na tsakiya kaɗanya ta karɓa, zumarta fara ce mai kauri. Maje ya biyo, sai ɗorawa ta sako jajayen furanninta masu lilo kamar tuntun hula, sai ɗinya, wadda zumarta baƙa ce mai ɗan ɗaci a maƙogwaro, masu magani sun fi son ta. Da damina kuma ga ciyayin kan iyakar gona, ga furen kabewa da riɗi da wake. Ƙuda ba su taɓa zama da yunwa ba. Ni da harshe nike gane iccen da zuma ta fito. A kasuwar Yankara wata tsohuwa daga Mabai takan gwada ni, ta kawo zumar wani ta ce in faɗa, in na faɗa ta yi guɗa ta ce aljanu gare ni.

Ranar kasuwa ban cika kai la'asar da kaya ba. Mata na saye don suna da kunun mai jego. Wanzamai na saye don ƙuna da miki. Fulani su ba ni man shanu in ba su zuma, ba a ma zancen kuɗi. Dukawa su kwashe kakin su goga ma zare. Direbobin manyan motoci su tsaya su ce a cika masu galan za su kai gida. Mai wayo yakan ɗiga ta a kan yashi ya ga ko za ta tsaya dunƙule, in ta nutse ya ce an sa ruwa. Tawa ba ta taɓa nutsewa ba. Yau ku je layin ku gani, sukari ake dafawa har ya yi ja, a jefa matattun ƙuda biyu a kwalba don a ce daga amya take. Ina ma suke samun ƙudan, shi ne abin da ke ba ni mamaki.

Kuma ba ni kaɗai ke ci daga ƙuda ba, ko da yake mutane ba su lura ba sai da abin ya tafi. Mai ɗakina, Rabi, daddawa take yi tun tana amarya. Ita ta fara ce mani ɗorawar da ke da amya ta fi sauran zuba 'ya'ya, har mata kan yi rige-rigen sayen kalwarta. Masu kabewa a bakin rafi su ma sun sani, in amyata na kusa kabewarsu ba ta zubar da fure a banza. Rafin kuma itatuwan bakinshi ne suka riƙe shi. Ko a tsakiyar bazara akwai 'yan kududdufai a ƙarƙashin inuwa, inda ƙuda ke shan ruwa, shanu na sha, yara na kama tarwaɗa. Kowane na riƙe da wani, ba wanda ya san shi ake riƙewa.

Ranar da na fara jin kukan injin yankan icce, ina kan wani maje ina gyara ɗauri. Na ɗauka babur ne ya maƙale a yashi. Kafin in sauko na ji ƙasa ta girgiza. Ƙiryar da mutum zai kwana biyu yana sara da gatari, sun kayar da ita kafin in kwance igiyata. Daga nan abin bai tsaya ba. Ƙirya da marke suka tafi gawayi, maje da maɗaci suka tafi katako. Buhuna a jere a bakin titi, manyan motoci na lodi suna yin birni. Mutane suka yi yawa, gonaki suka faɗaɗa, mai masara ya ce inuwa na cinye mashi taki. Saura da ake bari ƙasa ta huta, aka daina. Sai ga maganin feshi ya shigo, ba mai son duƙawa da fartanya kuma, a fesa ciyawa ta ƙone har ta kan iyaka, wadda ƙuda ke kiwo a kai. Itatuwan bakin rafi da suka tafi, ruwa ya kwaso ƙasar gonaki ya cika shi. Yanzu in an yi ruwa ya zo da hauka ya ci gonar mutane, bayan kwana kaɗan ka tarar da yashi.

Duk da haka ina lallaɓawa, don amyoyina masu yawa suna can cikin daji inda inji bai kai ba. Sai 'yan bindiga suka zo suka zauna a dajin. Ba sai na gaya maku wannan ba, kowannenku ya san wanda aka ɗauka ko wanda aka binne. Ni dai wata rana na je duba amya na hango babura a ƙarƙashin tsamiyar da nike hutawa, na juyo a hankali, ban sake komawa ba. Amyoyin suna can, ko sun ruɓe, ko an ƙone su an sha zumar, Allah masani. Mutanen ƙauyukan ciki suka taso suka dawo bakin gari da ɗiyansu da 'yan awakinsu. Gonakinsu sun gagare su, to mi za su ci? Suka bi sauran itatuwan da ke kusa, na girki da na sayarwa. Ba na zaginsu. In ɗanka na kuka da yunwa, kaɗanya ba 'yar'uwarka ba ce. Amma ku duba yadda abin ya zama: inda icce yake ba a zuwa, inda ake zuwa babu icce.

Amyoyina na bakin gari suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ina hawa ina saukewa, har ya rage saura guda. Tana kan ɗorawar Malam Haruna, abokina tun muna yara, a gonarshi ta yamma da gari. Ɗorawa ce da mutum uku ba su zagaye ta da hannu. Kakanshi ya tarar da ita. Kawu Barau ya rataya amya a kanta, ni na gada, ƙuda ba su taɓa yankewa a kanta ba. In ta yi fure, mai magana a gindinta sai ya ɗaga murya saboda kukan ƙuda. Da Malam Haruna ya rasu, gonar ta koma hannun babban ɗanshi, Lawal, yaron kirki, wanda a lokacin gidanshi ya cika da 'yan'uwan matarshi da suka gudo daga ƙauye.

Wata safiya Lawal ya same ni a nan inda kuke zaune. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta murza hula a hannu. Ya ce, "Baba, masu gawayi sun zo mani a kan ɗorawar nan. Sun zo ba sau ɗaya ba."

Na ce, "To, mi ka ce masu?"

Ya ce, "Na ce akwai amyar Baba Ilu a kai. Suka yi dariya, wai wannan zancen da ne. Baba, bakuna sun yi mani yawa a gida, kuma inuwarta ta cinye mani wurin da zai ba da buhunan masara. Amma na san abin da ke tsakaninka da mahaifina. Muddin akwai ƙuda a amyar nan, ba mai taɓa ta. Na zo ne dai ka sani."

Na ce Allah ya yi mashi albarka. Da ya fita na san cewa yanzu ba ɗorawa ke riƙe da ƙuda ba, ƙuda ne ke riƙe da ɗorawa, ni kuma su biyun ne suka rage mani.

Daga ranar na daina ɗibar zumar ma gaba ɗaya. Na je na ba mahaifiyar Lawal haƙuri a kan rabon mai icce, ta ce, "Malam Ilu, bar masu abinsu, mu mun sha a baya." Da bazara na kai kasko gindin iccen ina zuba ruwa kullum, in jera tsinke a ciki don kada su nutse, tunda rafi ya zama yashi. Na zuba toka a zagaye saboda kwarkwasa. Da damina ta yi nisa, wake ya kusa fure, na bi maƙwabtan gonar gida-gida ina roƙo: in za ku yi feshin ƙwari, ku bari sai yamma lis in ƙuda sun koma, ko ku gaya mani in toshe bakin amyar na wuni ɗaya. Wasu suka ce to, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa Ilu, yana yi ma ƙuda gaisuwar gida-gida. Amma dai sun yi yadda na roƙa. Haka muka ci shekara biyu.

Shekara ta uku ita ce mugunyar. Tsutsa ta faɗa ma wake tun yana fure, kowa ya rikice. Gonar da ke gabas da ta Lawal, mai ita ya ba wani baƙo haya, mutumin wani ƙauye da aka kora, ban san da shi ba, shi ma bai san da ni ba. Ya samo mai feshi, suka shiga da hantsi, daidai lokacin da furen wake ke buɗe ƙuda na kai. Ni ina gida ina fama da ƙafa. Washegari da na isa, tun daga nesa na ji shiru. A gindin ɗorawa na tarar da su zube, baƙi ƙirin kamar an shanya kalwa. Wasu na juyi a ƙasa a kan bayansu, harshe a waje. Kaskon ruwan ya cika da su. Waɗanda suka iya kaiwa gida sun kai dafin ciki. Na hau da ƙafar tawa a haka, na buɗe marufi da rana tsaka, ba hayaƙi, ba komai. Ko ɗaya bai harbe ni ba. Wallahi na so a ce sun harbe ni.

Na sauko na tarar da baƙon a tsaye, an gaya mashi. Dattijo ne kamata, rigarshi duk faci. Ya ce, "Malam, wallahi ban san da ƙuda ba. Waken nan shi kaɗai gare ni, shi ma bashin iri ne." Na dube shi, na dubi waken. Mi zan ce mashi? Na ce Allah ya sa ya yi albarka. Waken ma bai yi ba, furen ya zube.

Saura dama ɗaya, lokacin tashin ƙuda. Na sauke amyar na kankare ta, na ƙone tsohuwar saƙar, na sake yaɓe. Hano babu shi a ƙasar nan yanzu, sai a wurin mai magani na samu ɗan ɓawo a kasuwa, ya ce daga nesa ake kawo mashi. Na haɗa da jema da ɗan kakin da na ɓoye, da busasshen furen ɗorawa irin na Kawu. Ban taɓa yi ma amya turare irin wannan ba, Rabi ta ce har cikin ɗaki ƙamshin ya kwana. Na mayar da ita reshenta. Sanyi ya ja baya, ɗorawa ta sako fure, ja wur, ta cika kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Kullum da safe ina gindinta da butar ruwa, kunne a sama. Sai ƙudan gida, sai zanzaro, da yamma jemagu. Wata rana na ji ƙara daga gabas, na miƙe har buta ta kife, ashe babur ne a kan hanya. Daga ina ma za su taso? Ƙuda daga gidan ƙuda suke fitowa, kuma duk faɗin ƙasar nan da ƙafata ke iya zuwa babu gida ko ɗaya da ya rage. Fure ya bushe ya zube. 'Ya'yan da ta ɗaura ba su cika kwando ba.

Rabi ta ce mani, "Malam, ka bar ta a sama mana. Wa zai hau ya duba? Ka ce akwai, ko Allah zai kawo su baɗi." Na ɗauki butata na fita. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suka fara sharar gona. Ran nan ina gindin iccen sai ga Lawal. Muka gaisa, ya zauna a kan saiwa. Shi ma a gindin nan ya girma, ya san yadda take kuka da. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, akwai?"

Na ɗaga kai na dubi amyar.

Ya ce, "Baba, in ka ce akwai, akwai. Ni ba zan hau ba."

Na dubi yaron nan, ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Na san yawan bakin da ke jiran shi a gida. Kuma abin nan da ya tsare itatuwa tun kakanni, ba komai ba ne sai maganar mai amya. In na yi ƙarya a kai, mi ya rage a tsare? Na ce, "Babu, Lawal."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Baba."

Na ɗaura igiya na hau. Na kwance ɗaurin, na zuro ta ƙasa, Lawal ya tare. Amyar da da sai mutum biyu ke sauke ta, ya riƙe ta da hannu ɗaya. Na ɗauko ta a ka na biyo ta cikin gari, mutane na yi mani sannu kamar mai dawowa daga maƙabarta. Raina ya ɓaci ranar fiye da yadda zan iya faɗa maku. Ban je wurin saran ba, amma daga zauren nan ana jin injin. Ya yi wuni biyu yana kuka, don ba ƙaramar aba ba ce. Rabi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Yanzu da waken suya take daddawa, ta ce ba ta jin ƙamshin komai a ciki.

Bayan kwanaki sai ga Lawal a kan babur da buhu a baya. Ya sauke shi a ƙofar nan, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, shekara da shekaru kana kawo mana rabon mai icce, ba ka taɓa fashi ba. Inna ta ce ba daidai ba ne a ci ita ɗorawar ba a kawo maka naka ba." Gawayi ne. Da zuciya ɗaya ya kawo, na sani, shi ya sa na karɓa na yi godiya. Na jingine shi a lungu na ce kada wanda ya taɓa. Ya daɗe a nan. Amma damina ta zauna, iccen girki ya gagara saye, karan dawa ya jiƙe. Wata safiya na ga bakin buhun a kwance, ban tambayi Rabi ba.

To, kun ji. Ban ce kada ku yi ba. Akwatin nan na zamani da kuka gani a waya, an nuna mani shi, ya fi amya sauƙin ɗiba, ba na musu. Amma akwati ko amya, gida ne kawai, ba ya haifar ƙuda, ba ya yi masu fure. Ga amyar can a bayanku a jingine, har yanzu da sauran ƙamshin turaren. Wanda ke so a cikinku ya ɗauka, kyauta na ba shi, da igiyar. Abu ɗaya nike roƙo, in ya samu iccen da zai rataya ta, inda mutum zai je ya dawo da ranshi, ya zo ya kai ni in gani.

Yauwa, ga shayin ya iso. Miƙo kofunan nan. Ku sha da zafinshi, da gawayin ɗorawar aka dafa shi. Sukari ne a ciki.